Takardun Harajin Kakana

Mahaifina mutumin ƙasar Maraɗi ne, daga wani ƙauye a yankin Madarunfa. Ya gangaro kudu a farin 1973 zuwa 1974, farin da ya ƙone gero a tsaye, ya karkashe dabbobi, har sojoji suka kafa hujja da shi suka kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Ci-rani ya zo, ba zama ba. Ya yi dako a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ya yi ƙwadago a fadamun Bunsuru, sannan wani dattijo a wani ƙauye tsakanin Zurmi da Shinkafi ya lura saurayin nan ba ya wasa da salla, ba ya taɓa abin mutane, sai ya ba shi aron gona. Da aka yi kaka ya ba shi 'ya. Dattijon nan shi ne kakana.

Babu wanda ya tambayi mahaifina takarda, da an tambaya ma ba shi da ita. Iyakar saninsa da iyaka shi ne can ana kashe sefa, nan ana kashe naira. Can Faranshi, nan Ingilishi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, suka ratsa tsakiyar mutanen da suka daɗe suna yaƙar juna suna auren juna. Maraɗi ta Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga jihadi ce, Tsibiri ta Gobirawa, Zurmi da Ƙauran Namoda kuwa na Alibawa ne, mutanen Namoda, waɗanda suka tsare wa Sakkwato wannan gefen. Kafin a haife ni wannan gaba ta koma tsokana a bakin tsofaffi.

Ina ɗan shekara bakwai da ɗoriya na fara jin cewa ashe akwai baƙo a gidanmu. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice. An ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu suka bar ƙasar, kusan rabinsu 'yan Gana, amma akwai 'yan Nijar da Cadi da Togo da Binin da yawa. A birane korar ta fi zafi. Mu rediyo ce ta kawo mana ita, da 'yan kasuwar da suka dawo daga Zurmi da labarin motoci shaƙe da katifu da tukwane suna nufar Jibiya. Mahaifina ya daina fita kasuwa. Kakana ya ɗauki sandarsa ya tafi wajen hakimi, ya dawo da magana ɗaya: "Ni ban da baƙo ƙasata. Wanda duk yab biya haraji, nawa na." Da wannan muka kwana. A shekarar nan dai aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, garin da layin dogo ya tuƙe tun 1929. Mu yara ba mu ma ji labarinta ba.

A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, fari ya sake dawowa, mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Na tuna mahaifina yana ɗora wa jaki taikin gero bayan isha'i, ya bi daji ya kai wa danginsa, ya dawo ƙafafunsa duk kaushi da ƙaya. Ya rasu a 1988. Ya bar mana gona, da garma, da allonsa. Ko tsinken takarda mai ɗauke da sunansa bai bari ba, a ƙasar nan ko a waccan.

Shiga firamare ba ta buƙaci komai ba. Zamanin ilimi kyauta ne da aka soma a 1976, hedimasta kawai ya sa na ɗora hannuna na dama bisa kai in kamo kunnen hagu, da na kamo ya ce na isa. Ya rubuta sunana, ya liƙa sunan ƙauyenmu a baya kamar yadda ake yi wa kowa. Da wannan sunan na wuce sakandare, da shi na rubuta jarrabawar WAEC a 1993, na samu kiredit ɗin da ake nema. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don jami'o'i, an ƙara mata kwalejojin fasaha da na horon malamai a 1989. Na rubuta tata, sunana ya fito a kwalejin Ƙaura. Inna ta yi guɗa, ta dafa wake ta raba sadaka. Sai aka ba ni jerin abin da zan kawo ranar rajista: asalin sakamako, hotunan fasfo, takardar likita, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin.

Ya kamata a faɗi dalilin da ya sa wannan takarda ta ƙarshe take da nauyi haka. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da raba daidai tsakanin jihohi, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi a makarantun tarayya ita ce kashi 45 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi cin jarrabawa, 35 ga 'yan yankin da makaranta take, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko, irin tamu. Don a kare irinmu aka yi tsarin. To amma kariya tana buƙatar a san wa ake karewa, shi ya sa sai ka kawo shaidar ko kai ɗan wace ƙaramar hukuma ne. Da ita ake samun tallafin karatu na jiha, da ita ake ɗaukar aiki. Wanda ba shi da ita, saura masa layin baƙi: fasfo, izinin zama daga jami'an shige da fice, da kuɗin makaranta mai tsada. Ni kuwa ko hanyar Madarunfa ban sani ba.

A ofishin da ake ba da indijin na taras da wani mutum da ya san mahaifina tun yana dako. Ya karɓi fom ɗina ya karanta, ya ɗago kai ya dube ni. "Kai ba ɗan wane na ba? Ai ubanka Faranshi yah hito." Na ce haka ne, amma nan aka haife ni. Ya ce ko a masallacin Juma'a aka haife ni, ɗa na uba ne. Ya tura mini fom ɗin. Da na kai bakin ƙofa wani yaronsa ya biyo ni, ya raɗa mini adadin da zai sa a manta da Faranshi. Kuɗin ya fi na bunsurun da muke da shi.

Da na koma gida Kawu ya ce magana ta ƙare, shi zai tsaya ya ce ni ɗansa ne na cikinsa, wa zai bincika? Haka mutane da yawa suka yi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ranar rufe rajista ta matso, na ce bari in fara zuwa Ƙaura in roƙi a jira ni.

A ofishin rajistar kwalejin, wani masinja da ake kira Baba ne ya fara ganina. Ina tsaye gefen layi riƙe da ambulan, na kasa shiga na kasa tafiya. Ya ce, "Samari, mi ya hwaru?" Da ya ji, bai ce komai ba, ya sa na zauna a kan bencinsa har layi ya watse, sannan ya kai ni wani tebur a ƙuryar ofis. Akawun da ke wurin dattijo ne siriri mai farin gilashi, tsohon malamin firamare da ya koma aikin ofis. Kowa Malam yake ce masa. Gabansa tafireta da tulin fayil-fayil ɗaure da jan zare.

Bai tambaye ni ubana ba. Ya ce ina aka binne cibiyata, na faɗa. Ya ce ita mahaifiyar tawa fa, na ce nan ƙauyen. Ubanta fa? Na ce har kabarinsa na sani. Sai ya jawo durowa ya fito da wani littafi da bangonsa ya tsufa, tsarin mulkin 1979. Sojoji ke mulki a lokacin, sun jingine sassansa da dama, amma babin zama ɗan ƙasa yana aiki. Ya buɗe sashe na 23, ya sa yatsa, ya ce in karanta da kaina. Abin da ke ciki shi ne duk wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar da ya faɗo. Ba a ce uba ba. Ya sake buɗe wajen fassarar kalmomi a ƙarshen littafin, inda aka ce mutum ɗan wata jiha ne in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke asalin jihar. Waɗannan su ne sashe na 25 da na 318 a tsarin mulkin 1999 da muke kai yanzu, kuma har gobe ma'aikata da yawa masu riƙe da hatimi ba su taɓa karanta su ba.

Malam ya ce, "Ka san Shugaba Darman?" Ban sani ba. Ya ba ni labarin shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin tarayya ta sa aka ɗauke a Janairun 1980 aka jefar da shi Cadi, wai ubansa ba ɗan nan ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce a mayar da shi gida, ɗan ƙasa ne, ga uwarsa nan. "To in an yi wa mai riƙe da majalisa haka," in ji Malam, "kai wa? Amma kuma abin da ya fisshe shi, shi zai fisshe ka."

Na gaya masa shawarar Kawu. Ya cire gilashi. Ya ce, "Ɗana, ƙaryar da ka sa a fayil ba ta tsufa. Yau babu mai duba ta. Ranar da za a ba ka wata kujera, ranar ne wani zai tuna da ita, kuma a ƙauyenku za a samo mai ba da shaida. Ka rubuta sunan ubanka yadda yake. Ta wajen uwa za mu shiga, da rana tsaka."

Abin da ya yi bayan nan ba shi da wani girma a ido. Ya ɗauki fensir ya rubuta a bangon fayil ɗina cewa ana jiran takardu biyu. Ya shiga wajen mataimakin magatakarda da fayil ɗin a hammata, ya fito da sa hannun da ya ba ni damar yin rajistar wucin gadi zuwa wani wa'adi. Sannan ya yage takarda ya jera mini ƙofofin da zan bi daki-daki: mai unguwa, hakimi, uban ƙasa, sannan sakatariya; batun shekaru kuma kotu, tare da babba daga dangin uwa. Ya ce kada in fara daga sama, wanda ya tsallake mai unguwa sai ya dawo gare shi. Ya ce kada in ba kowa ko kwabo bayan kuɗin da ake yanka wa rasit. Daga ƙarshe ya tambaya, "Kakan nan naka, yana ajiyar takardar haraji?"

Inna ce ta san inda suke. A ƙasan wata tsohuwar kwalla, cikin gwangwani, a naɗe da tsumma. Kakana bai iya boko ba, amma ya san abin da dogari ke yi wa wanda ya kasa nuna shaidar biya, don haka bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Na farkon suna ɗauke da hatimin En'e ta Sakkwato, da fam da sule. Na baya-bayan da naira. Ga sunansa, ga sunan ƙauye, shekara bayan shekara. Harajin da ya riƙa sayar da gyaɗarsa da awakinsa yana biya yana tsine wa masu karɓa, shi ne kaɗai wurin da hukuma ta taɓa rubuta cewa an yi wani mutum mai wannan suna a ƙasar nan. Uban ƙasa ya jujjuya takardun, ya dubi wasiƙar hakimi, ya ce ya san gidan. Ya sa aka buga mini wasiƙa. Da ita na koma ofishin nan, na nemi ganin na sama da wancan mutumin, aka buga mini hatimi.

Batun shekaru ya fi ba ni dariya yanzu. Inna ta ce, "Da damana anka haihe ka, gero na bununi. Randa anka kashe Murtala kana rarrahe." An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, ke nan daminar 1975 ce. Abokaina da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu, har za ka rantse matan ƙasarmu rana ɗaya suke haihuwa. Malam ya ce tun da Inna ta ba da wata, a bi maganarta, aka tsayar da rana a Agusta. Kawu ya dafa Alƙur'ani a kotu ya rantse a kan abin da ya sani da gaske, ya fito yana cewa wannan rantsuwar ta fi waccan da ya yi niyya sauƙi.

Takardar indijin ɗin da na sha wannan wahala a kanta ta ce ni ɗan Jihar Sakkwato ne. Ranar 1 ga Oktoban 1996 Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara, takardar ta tashi aiki, sai da kowa ya sake sabuwa. Inna, wadda ba ta taɓa canja ɗaki ba tun aurenta, an haife ta a Lardin Sakkwato na Jihar Arewa, ta zama 'yar Arewa Maso Yamma a 1967, 'yar Sakkwato a 1976, 'yar Zamfara a 1996. Ba a taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Da na zauna a makarantar na gane ba ni kaɗai ba ne. Akwai ɗan Fulanin da aka haifa a mashekari, iyayensa suna damina a wannan gefen su yi rani a wancan, babu ƙaramar hukumar da ta yarda nata ne, sai da aka nemo rasit ɗin jangali da wasiƙar arɗo. Akwai almajirin da aka kawo yana ƙarami, malaminsa ya sa shi boko, bai san ko sunan garinsu daidai ba. Akwai kuma baƙi na gaskiya. Na tuna wani saurayi daga Maraɗi da ya zo da takardunsa na Faransanci, yana son karatun gine-gine. Malam bai yaudare shi ba. Ya ce masa sashen nan bai rufe shi ba, uwa da uba duk can suke. Ya bayyana masa cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi shiga ba biza da zaman kwana 90, amma ba ta ba shi kujerar ɗan ƙasa a aji ba. Ya ce ya koma ya yi fasfonsa, ya nemi izinin zama, ya rubuta jarrabawar WAEC ta 'yan waje ta ƙarshen shekara don ya samu Turanci, ya dawo ta ƙofar baƙi. Wani malamin lissafi ya ba shi ɗaki a zaurensa, ana cire masa tuwo tare da 'ya'yan gida, ma'aikata suka yi masa karo-karo a masallaci. Ya ɓata shekara, amma ya shiga da sunansa, ya fita da sunansa.

Wannan shi ne abin da nake ganin mutane ba sa fahimta in ana maganar taimakon marasa takarda. Masu ganin laifin abin suna zaton taimako shi ne a rufe ido. Ai rufe ido shi ne sana'ar masu sayar da hatimi, kuma su ba talaka suke wa aiki ba. Baƙo mai kuɗi bai taɓa rasa indijin a ƙasar nan ba. Wanda ke rasawa shi ne ɗan ƙasa maras gata, ko mai tsoron Allah da ya ƙi yin ƙarya. Su Malam buɗe ido suka yi fiye da kowa. Sun san doka fiye da masu tsaron ƙofa, sun san wa zai iya tsayawa wa wa, sannan suna da abin da ya fi komai tsada a ofis, wato ikon cewa a jira.

Daga baya ni ma na yi shekaru a irin wannan tebur, a wata kwaleji ta daban, har na ga shigowar kwamfuta. A 2010 aka haɗe jarrabawar JAMB ta zama ɗaya ga jami'a da kwaleji, a 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, a 2017 aka kawo tsarin CAPS wanda ya sa babu gurbin da zai tabbata sai ya bi ta na'urar hukumar, sannan daga 2021 aka ce ba mai rajista sai da lambar NIN ta hukumar NIMC. Ba na cikin masu kukan zamanin da. Na ga yadda ake cusa 'ya'yan manya ta taga, na ga masu rubuta wa wasu jarrabawa, kuma na'ura ta rage wannan ƙwarai. Amma ba ta da bangon fayil da za a rubuta wa fensir. In shafi ya rufe ya rufe. Yarinya za ta zo, a takardar WAEC sunan mahaifinta Usman, a NIN an rubuta shi yadda ake rubutawa a Nijar, ko ranar haihuwa ta bambanta da wata biyu saboda wani mai shagon intanet ya cike mata yadda ya ga dama, sai shekara ta wuce ta. Aikinmu ya koma bin sakandare tun kafin a buɗe rajista, muna roƙon shugabannin makarantu su sa yara su daidaita suna da shekaru tun suna aji huɗu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Na karanta yadda abin yake a Amurka. A 1982 kotun ƙolinsu ta hana jihohi korar 'ya'yan baƙi marasa takarda daga firamare da sakandare, amma hukuncin bai kai jami'a ba. A 2001 jihohin Texas da Kalifoniya suka yi dokar barinsu su biya kuɗin 'yan jiha, a 2012 Obama ya kawo shirin DACA na dakatar da korar waɗanda aka shigo da su suna yara, wasu jami'o'i kuma suka buɗe ofishi na musamman da lauyoyi don su. Can an san su waye marasa takarda, tsiraru ne. Mu nan binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 43 kacal cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Maras takarda a wurinmu shi ne gama-gari, kuma ba mu da ofishi ko ɗaya da aka ce nasa ne. Abin ya dogara ga ko Allah ya haɗa ka da masinja mai tausayi.

Yanzu ma lamarin ya juye. Hanyoyin dajin da mahaifina ya bi da jakinsa, su mutanenmu ke bi suna gudu arewa. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori. Waɗanda ba su ƙetare ba sun cika Ƙaura da Gusau da cikin garin Zurmi da Shinkafi. Wanda aka tasa da tsakar dare ba ya tsayawa neman gwangwanin takardu. Na karɓi ɗalibai da aka ƙone gidajensu da duk abin da ke ciki, hakiminsu yana gudun hijira, mai unguwarsu an kashe shi, makarantar da za ta ba su takardar shaidar kammalawa ta zama kango. Ƙofofin nan huɗu da Malam ya jera mini, a wasu ƙauyukan, biyu daga cikinsu sun faɗi. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara bayan sace ɗaliban Kaya a Maradun, yara sun riƙa shiga mota zuwa Sakkwato ko Zariya don kawai su duba ko sunansu ya fito. Sakamakon WAEC da ya ƙone ana iya dawo da shi, tun 2022 hukumar na ba da takardar ta intanet. Shaidar haihuwar da ba a taɓa yi ba ita ce ba a dawo da ita.

Yaran da aka haifa a Garin Kaka a 2019 sun isa shiga makaranta, kuma da Faransanci za su fara. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Nan da shekara goma sha wani abu za su zo tagar ofisoshinmu da Hausar Zamfara a bakinsu, da takardun wata ƙasa a hannunsu ko hannu wofi, wani ya ce musu 'yan Faranshi. Sashe na 25 bai manta da su ba: wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Ina roƙon Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda rajistar haihuwa ke hannunta, da shugabannin ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da sarakunanmu, su bi waɗannan iyalai inda suke su rubuta yaran yanzu, tun iyaye da maƙwabtan da za su ba da shaida suna raye. Abokan aikina kuma da ke kan teburin ɗaukar ɗalibai, kowace kwaleji ta ware mutum ɗaya da aka san shi ne na marasa takarda, a rubuta a ƙofarsa, a ajiye masa tsarin mulki a durowa.